Ranar da Taru Ya Kamo Motar Efo Worlanyo

Efo Worlanyo, wato Yaya Worlanyo a yarenmu, ɗan wan babana, mutum ne da ba ya iya sayen ko silifa a ɓoye, balle mota.

Ranar da ya fito da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tema ni ya fara kira, domin na gama jami'a ke nan, ina zaune a gida da digirina sabo fil kan tsara sufuri, kaina cike da dabaru, na rasa wanda zan gwada su a kansa. Na same shi ya dafa wani abu ja wur mai sheƙi, wanda tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Kujeru biyu kacal. Rufin yana naɗewa da kansa ya shige baya. Cikinta kuwa ya kusa shafar ƙasa, ko kaza sai ta duƙa kafin ta shiga ƙarƙashi.

"Eyram, gaishe ta," in ji shi. "Sunanta Walƙiya. Ƙarfin doki ɗari uku ne a cikinta. Ranar Asabar ita za ta kai Sedinam coci."

Sedinam ƙanwarsa ce, kuma Asabar ɗin ce ranar aurenta a ƙauyenmu Aborkope, can bakin teku bayan Anloga. Ta riga ta shirya da Efo Kwashi, mai keken kaya mai ƙafa uku, zai yi wa keken ado da ganyen kwakwa ya kai ta, kamar yadda yake kai kowace amarya. Nan take Efo Worlanyo ya kira ta a gabana.

"Ki sallami keken nan. Ƙanwata ba buhun gawayi ba ce."

"Efo," in ji Sedinam, "fasto zai ɗaura da tsakar rana ya wuce wani ƙauye, ba ya jiran kowa. In na sallami Kwashi ka kuma bar ni tsaye a ƙofar gida da lulluɓi, ka nemi wata ƙanwar."

"Kafin ki gama ɗaura ɗankwali ina ƙofa ina danna ham!"

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma sai ya danna waya ya aika saƙon murya zuwa zauren dangi gaba ɗaya, yana cewa ranar Asabar zai taho gida da mota, ta hanyar bakin teku, kowa ya fito ya gani. Ni kam sai da na dafe kai. A wajenmu in ka ce za ka gida da mota, ka yi shelar ɗaukar saƙo ke nan. Duk ɗan'uwan da ke kan hanyarka zai tare ka da kayansa, kuma wanda ya ƙi karɓar saƙon gida, har jikokinsa za a riƙa nuna su da baki.

"Efo, ka gaya musu kujera biyu ce?"

"Eyram, ke boko ya sa miki tsoro. Wa zai dubi Walƙiya ya kawo mata buhu?"

Asabar da sassafe muka tashi. Ya sa fararen kaya tun daga wuya har takalmi, ya kafa baƙin tabarau, ya naɗe rufi. Kai! Gaskiya a kan kwalta Walƙiya ta ci sunanta. Motocin haya sai dai mu gan su a madubi suna ƙanƙancewa. Iska ta fizge ɗankwalina tun kafin Sogakope, na bi shi da ido yana tashi sama kamar shirwa, na fashe da dariya, shi kuma yana ihu yana cewa in riƙe kunnuwana kada su bi shi. Muka haye gada muna waƙa. Har na fara tsara masa yadda za mu kafa kamfanin kai amare a duk faɗin gaɓar teku.

Muna barin babbar hanya a Dabala, waƙa ta ragu. Ƙauyukan nan kowanne ya yi wa kansa tudun hana gudu, wani da yashi, wani da gungumen kwakwa, wani da tsohuwar igiyar jirgi mai kaurin cinya. Na farko muka ji ƙurrr a ƙarƙashinmu. Efo ya yi ƙara kamar cikinsa aka kankare.

"Ka hau shi a karkace," na ce. "Taya ɗaya bayan ɗaya."

Dabarar ta yi aiki, na ji daɗi ƙwarai. Sai dai daga nan Walƙiya ta koma tafiyar ƙaguwa, gefe-gefe, mata masu talla suna wuce mu a ƙafa suna yi mana sannu da hanya.

A bakin gonakin albasa na Anloga muka hango Tasi Abla, gwaggonmu, ta tsaya a tsakiyar titi ta ware hannuwa. Gefenta buhu biyu na ƙananan albasa, da daro cike da abolo mai zafi, wato wainar masara da ake turarawa, an rufe da ganye, da wani kwando da aka ɗaure bakinsa da tsumma, yana motsi.

Ta zagaya motar sau ɗaya, ta leƙa baya, ta leƙa ƙasa.

"Worlanyo, ina sauran?"

"Sauran me, Tasi?"

"Sauran motar. Ko rabi suka ba ka, rabin yana tafe?"

"Tasi, haka ake yin ta. Motar gudu ce."

"To ta gudu da albasata. Buɗe but."

Ya buɗe. Tasi ta dubi ramin, ta dube shi, ta ce tukunyar miyarta ta fi shi zurfi. Daron abolo ya shiga da ƙyar, murfi ya ƙi rufuwa. Buhu ɗaya ta cusa a ƙafafuna, ɗaya ta ɗaure a bayan kujeru da tsohon zanenta. Kwandon kuwa ta ɗora mini a cinya.

"Ƙaguwa ce ta miyar biki. Da ransu nake so su isa. Ni zan biyo Kwashi, yana tafe da kujerun coci."

"Tasi, fatar kujerun nan..." Efo ya fara.

"Fatar wa? Ni na goya ka, ka yi mini fitsari a baya ban ce fatata ba. Ja mu gani!"

Muka ja. Yanzu ko a karkace ne sai mun ji ƙurrr.

Ba mu yi nisa ba sai ga Togbi Gakpo, ƙanen kakanmu, zaune kan kututture a bakin hanya. Ya yafa babban zanensa na biki, sanda a hannu, ganga a tsakanin ƙafafu. Efo ya sauke murya.

"Eyram, yi kamar ba ki gan shi ba."

"Efo, jar mota ce babu rufi, kuma tafiyar ƙaguwa muke yi."

Togbi bai ma ɗaga hannu ba. Ya miƙe kawai ya tako ya tsaya a ƙofata yana jira. Na fita. Ya zauna a kujerata, ya miƙe ƙafafu a kan buhun albasa, ya rungume gangarsa. Ni kuma na haye baya na zauna bisa ɗaya buhun, kwandon ƙaguwa a cinya, kamar sarauniyar da ake zagayawa da ita gari.

"Togbi, ina saƙon?" in ji Efo.

"Ni ne saƙon. Me ya sa kujerar take a ƙasa haka? Mota ce ko kwalekwale?"

"Doki ɗari uku ne a cikinta, Togbi."

"Tun da aka haife ni ban ga doki ya yi wani abin kirki a yashin nan ba. Tafi."

Kwalta ta ƙare. Hanya ta zama yashi zalla, teku a dama yana tumbatsa, tafki a hagu, itatuwan kwakwa a jere. Walƙiya ta yi gaba kaɗan, ta yi gurnani, ta tona wa kanta rami ta zauna a ciki. Efo ya taka totur, yashi ya tashi ya sauko mana a ka, har cikin abolo.

Sai muka ji fat-fat-fat daga baya. Efo Kwashi ne da kekensa, kujeru sun yi tsiri a sama, Tasi Abla na zaune a can ƙololuwa tana cin gyaɗa.

"Efo Worlanyo! Sannu da hutawa! In gaya wa amarya ta fara takowa ne?"

"Injin nake shayar da iska. Wuce da gwangwaninka!"

"Gwangwani na gaishe da Walƙiya!" Ya yi mana ham sau biyu ya wuce.

Nan ma ni na kawo dabara: a rage iskar tayoyi su baje a kan yashi. Efo ya durƙusa da fararen kayansa yana sace iska, ni da wasu mata masu ɗaukar kwakwa muka tura, Togbi yana ciki yana ba mu kiɗa. Mota ta fita. Na yi tsalle na koma kan buhuna ina ji kamar a ba ni digiri na biyu. A wajen turin ne tsumman bakin kwando ya kwance, amma na leƙa na ga kamar duk suna nan, sai na mayar na ɗaure.

Rana ta kusa tsaka sa'ad da muka hango hasumiyar cocin Aborkope. Har ƙararrawa muna ji. Efo ya gyara tabarau, ya kaɗe gwiwoyinsa, ya ɗora yatsa a kan ham. Sai ya taka birki.

Igiyar taru ce ta gitta hanya. Mutanen Daavi Ameyo, mai babban tarun ƙauyenmu, suna ja tun safe, sun yi layi tun daga bakin ruwa, bayan wucewar Kwashi layin ya haye hanya har cikin kwakwa, suna takawa da baya suna waƙa. Can gaba wani layin yana jan ɗaya igiyar. Kuma kowa ya sani ba a taka igiyar taru da taya, ba a tsallake ta. Ko dai ka jira, ko ka sa hannu ka ja a ba ka rabonka na kifi.

"Daavi!" Efo ya miƙe tsaye a cikin mota. "A sassauta mini in wuce, amarya na jira!"

"Tarun ya yi nauyi yau, Worlanyo. In muka sassauta, kifin bikin ƙanwarka ne zai koma gida. Sauko ka kama."

"Da waɗannan kayan? Yaushe za ku gama?"

"In teku ya ga dama."

Efo ya dubi hasumiya, ya dubi masu ja, duk sun jiƙe da gumi. Sai na ga fuskarsa ta washe, irin washewar da na san ba ta ƙarewa lafiya.

"Ku nawa ne a igiyar nan? Ku duka ba ku kai doki goma ba. Ku ɗaura wa Walƙiya! Kafin Togbi ya gama kiɗa ɗaya tarunku na kan tudu!"

Masu ja suka dubi juna. Sai wani daga cikin layi ya ce, "A ɗaura masa mana, bayana ya gaji." Dariya ta tashi. Daavi Ameyo ta ɗaga kafaɗa ta ce in dai igiyarta ba ta tsinke ba, ita ba ruwanta. Efo ya juya motar, hanci wajen tafki, gindi wajen teku. Aka ƙulla igiya a ƙugiyar baya, ragowarta tana kwance a yashi. Ni na sauko da kwandona don in ga abin da kyau. Togbi ya ce shi ba inda za shi, ya riga ya sami wurin zama.

"Kowa ya saki!" in ji Efo. "Ku zauna ku ga aikin zamani!"

Suka saki. Walƙiya ta yi ruri, igiya ta miƙe ta yi tsaf har tana feshin ruwa, kuma, wallahi, ta ja! Taru ya taho. Mutane suka ɓarke da shewa, mata na kaɗa zannuwa, Togbi ya saki kiɗa, ni kaina ina ta tsalle ina lissafa ƙauyuka nawa za mu riƙa yi wa wannan aiki. Efo ya taka birki, ya ɗago rabin jiki yana ɗaga wa jama'a hannu biyu.

"Mutanen Aborkope! Daga yau wahala ta ƙare! Ni Worlanyo, ɗan..."

Bai faɗi sunan babansa ba. Ashe ƙaguwa ɗaya, babba, ta fice tun wajen turi, ta bi ƙarƙashin kujera ta yi zamanta kusa da birki. Ta kama shi a agara.

"Wayyo Yesu! Maciji!"

Ya ɗauke ƙafa. Daidai lokacin wani ƙaton raƙumin ruwa da ya hau gaɓa ya juya zai koma, ya tafi da taru, taru ya tafi da igiya, igiya ta tafi da Walƙiya. Ba da gudu ba. A hankali, cikin natsuwa, da baya, ta haye hanya ta fara gangara. Efo yana taka duk abin da ƙafarsa ta samu, goge-gilashi na kaɗawa, ham na kuka, rufi ya fara fitowa ya tsaya a rabi kamar laimar da ta karye. Togbi bai fasa kiɗa ba, sai dai ya ƙara sauri.

"Togbi, yi tsalle!" na yi ihu.

"Da wace gwiwar?"

Tayoyin baya suka shiga kumfa. Raƙumi na gaba ya zo ya faɗo musu a ka, ya cika motar har wuya, ya ɗauki abolo ya watsa a teku, fari-fari suna yawo.

"Igiya!" Daavi Ameyo ta kurma ihu. "Kowa igiya!"

Masu ja suka daka tsalle suka cafke ragowar da ke jan ƙasa. Ihun ya kai coci. Sai ga 'yan biki sun ɓarko, mawaƙan coci da rigunansu, dangin ango da sababbin zannuwa, Efo Kwashi, Tasi Abla tana gudu tana kiran albasarta, fasto ya naɗe hannun riga. A gaban kowa kuwa Sedinam ce, ta tattare farar rigarta ta ƙulle a ƙugu, lulluɓi na tashi a bayanta, ba takalmi. Ta kama igiya a kusa da ni.

"Eyram, yayana na ciki?"

"Yana ciki."

"To mu fito da shi da rai. Ni nake so in kashe shi."

Aka ɗauki waƙa, Togbi na ba da kiɗa daga cikin ruwa. In raƙumi ya taho mu ja, in zai koma mu kafe. Walƙiya ta juya a hankali ta fito da gindi, ruwa na zuba ta ƙofofinta, ciyawar teku ta rataye a madubi. Ba a tsaya ba, aka ci gaba da ja har taru ya biyo ta. Kuma rabon da a ga kamu irin na ranar an daɗe. Kifi ya yi tudu yana walƙiya a rana, har ya fi motar sheƙi.

Efo ya fito. Fararen kaya sun manne masa, tabarau ya tafi, albasa ɗaya a aljihun gaba, ƙaguwa har yanzu tana maƙale a ƙafar wandonsa. Tasi Abla ta sunkuya ta cire ta ta jefa a kwando.

"Wannan ta miya ce, ba taka ba."

Togbi Gakpo ya sauko, ya matse zanensa, ya buga sanda a ƙasa. Jama'a suka kewaye shi.

"Daavi Ameyo, abin da igiya ta fito da shi daga teku, mene ne sunansa?"

"Kamu, Togbi."

"Na wane ne?"

Jama'a suka amsa baki ɗaya: "Na duk wanda ya ja!"

Sai kowa ya juya ya dubi Walƙiya.

"Ni tayoyi nake so," in ji Efo Kwashi.

"A ba ni kujera ɗaya, ta yi daidai da bakin murhuna," in ji Tasi Abla.

"Madubin nan zai yi kyau a ofishin coci," in ji fasto, yana shafa haɓa.

"Togbi! Daavi! Fasto, har da kai?" Efo ya rungume hancin motar. "Ku yi wa Allah! Ba kifi ba ce! Da lamba a jikinta!"

Sai da aka bar shi ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, sannan Togbi ya yanke: ba za a yanka wannan kamun ba, tun da ba shi da tsoka. Rabon kowa shi ne a ɗauke shi a ciki, daga bakin taru zuwa coci a dawo, ɗaya bayan ɗaya. Kuma tun da ita ma motar ta ja, tana da nata rabo. Kafin Efo ya buɗe baki, Daavi Ameyo ta juye daro guda na kifi a but.

"Ni ce ta farko," in ji Sedinam. Ta kwance rigarta, ta shimfiɗa ganyen kwakwa a jiƙaƙƙiyar kujera, ta zauna ta gyara lulluɓi. "Ka ce a motar nan zan je coci. Tayar."

Efo ya murɗa makulli. Walƙiya ta yi tari, ta tofar da ruwa ta salansa, ta yi shiru. Ya sake murɗawa. Ko tarin ba ta yi ba.

Fat-fat-fat. Efo Kwashi ya kawo kekensa da baya ya tsaya a gabanta, ya sauko da guntun igiya.

"Gwangwani na neman izinin jan doki ɗari uku."

Haka amarya ta shiga Aborkope. Keke a gaba, Walƙiya a baya tana ɗigar ruwa, Efo riƙe da sitiyari, Togbi na tafe a gefe yana kiɗa, gari duka na biye ana rawa, karnuka da kuliyoyi na bin but. Sedinam tana ɗaga hannu hagu da dama, tana dariya har da hawaye. Fasto ma bai yi maganar latti ba, don shi kansa yana cikin masu rawa da kifinsa biyu a hannu.

A ƙofar coci Efo ya fito ya buɗe wa amarya ƙofa da wani irin salo, ruwa ya zubo masa a takalmi. Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Eyram, kin lura? Tun daga bakin teku har nan, ko ƙarar injin ba a ji. Mota mai tsada ke nan."

Kafin ya rufe baki Tasi Abla ta riga ta shige kujerar amarya ta harɗe hannuwa, bayanta kuma layi ya miƙe har gindin kwakwa. Efo ya waiga neman keke, ashe Kwashi ya kwance igiyarsa ya shiga layi shi ma.

"Wa zai ja?" in ji Efo.

"Eyram za ta riƙe sitiyari," in ji Tasi. "Kai kuma koma baya ka tura. Kuma ka yi sauri, an ce mini motar gudu ce."